Bakanike, rasit ɗin Ƙofar Ruwa da kuɗin aikin da ba ma son biya

Duk mai mota a ƙasar nan yana da labarin bakanike, kuma in ka saurara kusan duk labaran iri ɗaya ne. An ce masa fiyul fam dubu 40, ya biya, bayan sati biyu hanya ta bi da shi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, ya ɗan tsaya ya taya, aka ce masa dubu 30, wani yaro ma a gefe ya ce kawo 28 Alhaji. Shikenan sai zagi ya tashi, makanikai ɓarayi ne, ba su da tsoron Allah, gara ka haɗu da ɗan fashi. Ni dai a ganina hukuncin nan ya cika sauri. Akwai cuta a harkar, wannan ba wanda zai musa, amma dubu goman nan da aka ɗora ba dukkanta ce cuta ba, kuma mu masu motocin muna da hannu dumu-dumu a yadda aka yi ta samo asali.

A fara da kuɗin aiki, don nan ne tushen maganar. Mu nan ba mu ɗauki aikin hannu a bakin komai ba. Mutum zai wuni a kwance ƙarƙashin mota cikin zafin Afrilu, shi da yara biyu su sauke giya su canja kuloci su mayar, baƙin mai har cikin ido, in an gama ya ce dubu 15 sai ka ji mai mota ya ce haba oga, ɗan wannan aikin? Ya zaro dubu 7 ya miƙa, ya ƙara da a yi haƙuri sai na dawo, kuma kowa ya san ma'anar sai na dawo ɗin nan. Amma wannan mutumin dai, in aka ce masa ƙarfen da za a sa dubu 60 ne, zai yi tsaki ya yi salati sannan ya tura kuɗin, saboda ƙarfe abu ne da yake gani da idonsa, ya san daga waje aka kawo shi, ya san dala ta tashi. Toh bakanike ba wawa ba ne. Ya lura da ƙofar da kuɗi ke shigowa ba gardama da wadda sai an yi rantse-rantse, sai ya kwashe wani ɓangare na ladan aikinsa ya tura cikin kuɗin kaya. Abin da muka hana shi ta nan ya karɓa ta can.

A Amurka da Ingila gareji lissafin awa yake yi, kowace awa da kuɗinta a rubuce, kuma duk da haka suna ɗora riba a kan kayan gyara a fili, ba ɓoye-ɓoye, da yawansu ma in ka zo da kayanka ko dai su ƙi sawa ko su ce ba garanti. Kenan ɗora riba a kan kaya ba wata dabarar makanikan Kano ko Kaduna ba ce, haka sana'ar take a ko'ina. Bambancin kawai can an san da ita, nan kuma ana yin ta a ƙarƙashin tabarma.

Sannan garejin da kake gani a gindin bishiya ko a kangon wani, yana da kashe-kashen kuɗi ko da bai yi kama da mai su ba. Yaran da ke koyon aiki maigidansu ne ke ba su na abincin rana da na mota, akwai kuɗin fili, akwai na ƙungiya ga waɗanda ke cikin NATA, wato ƙungiyar makanikai ta ƙasa, ga masu karɓar haraji da ba sa fashin zuwa, ga sifana da jak da ke ɓata ko su karye. Yanzu kuma motocin sun zama masu kwamfuta, tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka sai da wurin jona na'urar bincike, kuma yawancin na hannun da ke shigo mana daga can suke ko daga Turai, don haka dole bakaniken da ke son ci gaba da cin abinci ya sayi na'ura ko ya riƙa biyan mai ita. Ka gaya min mutum nawa ne ke yarda su biya kuɗin a duba musu mota kawai ba tare da an kwance komai ba? Sai ka ji an ce ai ba abin da ya yi, jona waya kawai ya yi.

Zuwa kasuwar ma kanta aiki ne. Kafin Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da dama, kenan yaron da aka aika daga gareji a Hotoro ko Sharaɗa zuwa Ƙofar Ruwa a adaidaita, ya je ya dawo, wani sa'in sau biyu don na farkon bai shiga ba, wannan kuɗin wa zai biya? Wanda ke Abuja ya san wahalar shiga Apo, na Kaduna ya san Panteka, kuma akwai kayan da sai an buga waya Ladipo a Legas ko Nnewi an sako a mota an jira kwana biyu.

Abin da na fi ba muhimmanci ma shi ne sanin kayan. Mai mota yana ganin filogi filogi ne. Bakanike ya san akwai NGK na gaske akwai wanda kwalinsa kawai ne NGK, haka Denso, haka Bosch, jabun wani lokaci ya fi na ainihin sheƙi. Ya san Corolla ɗin Amurka da ta Turai ba komai nasu ke shiga juna ba ko da shekararsu ɗaya, ya san Pontiac Vibe kusan Toyota Matrix ce da aka canja wa riga, don haka ba sai an wahala neman kayan Pontiac ba. Ya san a cikin tulin kayan Beljiyam wanne ne aka ciro daga mota mai lafiya, wanne ne aka kwance a nan gida aka wanke da fetur aka fesa masa fenti. Wannan ilimin shekaru ya yi yana tara shi, da asara ya saye shi, kuma ba layin da ake rubuta shi a takardar biya.

Ga kuma kasada. In shi ya sayo kaya ya sa, bayan kwana huɗu abin ya mutu, wurin wa za ka koma? Ba za ka je wurin mai shago ba, ba ka ma san shi ba. Garejin za ka dawo da faɗa, shi zai sake kwancewa kyauta, shi zai je ya yi rigima da mai kaya, in kwanakin gwajin da aka ba shi sun wuce ko an ce ai shi ya ƙona, daga aljihunsa zai cike. Ribar da ya ci a motoci biyar ita ke rufe ramin ta shida. Ka haɗa da masu cewa sayo da kuɗinka zan ba ka ƙarshen wata, a ƙasar da dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kwastam da sabon canjin suke lissafin kuɗin fito, abin da ka saya yau in aka biya ka bayan wata biyu kuɗin ba lallai ya sake sayo irinsa ba.

Toh amma kada makanikai su karanta wannan su ce an wanke su tas, don akwai inda zan tsaya.

Akwai bambanci babba tsakanin mutumin da ya ce maka zan kawo maka fam in sa maka a dubu 40, da wanda ya ce kawo kuɗi in je in sayo maka, ya dawo ya ce wallahi dubu 40 na saya alhali 30 ya biya. Na farko ɗan kasuwa ne, ya yi maka farashi, in ka ga dama ka taya in ka ga dama ka tafi wani wuri, ribarsa halal ce ko nawa ya saro. Na biyu wakilinka ne, aike ka yi masa, kuɗin da ke hannunsa amana ne, kuma duk malamin da ka tambaya zai gaya maka ragin da aka yi masa naka ne sai in ka yafe. Matsalar ita ce da yawa daga cikin makanikanmu suna karɓar kuɗi a matsayin 'yan aike su ci riba a matsayin 'yan kasuwa. Kuma masu shago suna taya su, wa bai san zancen oga nawa zan rubuta ba? A sayar a 30 a rubuta rasit na 40, ko bakanike ya raka ka har shagon da kansa don ka yarda da shi, a yi ciniki a gabanka ka biya da hannunka kana murna, da yamma ya zagaya ya karɓi la'adarsa. Wannan ba ladan aiki ba ne, ha'inci ne, kuma shi ya ɓata sunan masu gaskiyar cikinsu. Balle wanda zai karɓi kuɗin Beljiyam ya sa ɗan China, ko ya ce an canja alhali tsohon ya goge ya mayar, a abu irin birki ko tayarod wannan wasa da rayukan mutane ne a kan titin Kano zuwa Zariya. Masu ciro indomin salansa, wato abin tace hayaƙin da ke cikinta, su sayar kuwa ba sa cikin wannan sharhin, su ɓarayi ne kawai.

Wasu za su ce maganin abin shi ne kowa ya je ya sayo kayansa da kansa. Ga wanda ya san mota, bismillah. Amma ka sani in ka kawo da hannunka bai yi ba, ba ruwan bakanike, sabon kuɗin aiki za ka biya, kuma mai shago da ya ga baƙuwar fuska da babbar riga farashin da zai yanka maka ba shi yake ba wanda ke zuwa masa kullum ba. Sau da yawa a ƙarshe abin da ka biya ya kai na bakaniken har da ribarsa, ga ɓata wuni.

Hukuma kuma kada ma a sa rai. Akwai SON mai yaƙi da jabun kaya, akwai FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, amma ba wanda zai zo gindin darbejiya ya raba ku a kan dubu 10. Shugabannin ƙungiyar makanikai su ne ke da iko a kan 'ya'yansu, su ya kamata su sa doka a kan rasit na ƙarya kamar yadda suke tsayawa kai da fata a kan kuɗin ƙungiya.

Abin da nake ganin zai yi aiki tsakaninka da bakanikenka shi ne a yi maganar tun kafin a ɗaga bonet. Ka tambaye shi, sayar min za ka yi ko aikenka zan yi? In sayarwa ce ya faɗi farashi da kwanakin garanti, kar ka tambaye shi nawa ya saro. In aike ne ya kawo canjinka cif da tsohon kayan da aka cire, kai kuma ka ba shi na mota da na wahalar zuwa daban, sannan in ya ce aikinsa dubu 15 ne ka taya da mutunci ka biya a take, ba sai na dawo ba.