Sukurat ya sha guba ne saboda laifin almajiransa

Duk lokacin da aka ambaci shari'ar Sukurat, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, abin da ake faɗa shi ne mutanen birnin Atina sun kashe shi don yana yawan tambaya. Ni ban gamsu ba. Mutumin ya shafe shekaru masu yawa yana tare manya a kasuwa yana ƙure su, ba wanda ya maka shi a kotu sai a shekara ta 399 kafin Miladiyya, yana ɗan shekara 70. Me ya sa sai a lokacin?

Amsar tana cikin abin da ya samu birnin. A shekara ta 404 Atina ta miƙa wuya ga birnin Sparta, abokin gabarta, bayan yaƙin shekara 27. Aka ɗora mata azzalumai 30, suka yi wata takwas suna kashe mutane suna ƙwace dukiyarsu. Mafi ƙeta a cikinsu, Kiritiyas, ya taɓa zama a majalisin Sukurat. Haka ma Alsibiyades, wani kwamandan yaƙin Atina wanda ya taɓa gudu ya koma wajen Sparta ana tsakiyar yaƙi. Da mulkin jama'a ya dawo a 403, aka yi rantsuwar yafe abin da ya wuce, don haka ba damar tuhumar Sukurat kan siyasar baya. Sai masu ƙararsa, Meletus da Anitus da Likon, suka biyo ta bayan gida: wai ba ya girmama allolin birni, kuma yana lalata tarbiyyar matasa. Fiye da shekara 50 bayan haka, mai jawabin nan Eskines ya fito fili ya tuna wa mutanen Atina cewa sun kashe shi ne don shi ya karantar da Kiritiyas.

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sukurat bai taɓa ɓoye rainin da yake wa tsarin mulkin jama'ar Atina na raba muƙamai ta hanyar ƙuri'ar sa'a ba. Kuma da masu hukunci kusan 500 suka same shi da laifi da ƙaramar rata, aka ce ya faɗi horon da ya ga ya dace da shi, sai ya ce a riƙa ciyar da shi kyauta daga baitulmali. Mutanen da suka binne 'yan uwansu shekara biyar da suka wuce ba za su ji daɗin wannan magana ba.

Duk da haka zalunci aka yi, kuma abin yana ci mini rai. Malami yana iya karantar da yaro, ba ya iya riƙe masa hannu bayan ya girma. Abin da ya kamata a auna shi ne aikin Sukurat da kansa a zamanin azzaluman. Sun kira shi tare da mutum huɗu, suka umarce su su je tsibirin Salamis su kamo wani mai suna Liyon don a kashe shi. Huɗun suka tafi suka kamo shi. Sukurat ya juya ya nufi gidansa, alhali ya san wannan na iya jawo masa asarar rai.