Wutar nan ba ɓarnar kuɗi ba ce

Ban yarda da wani mai labari ba da ya ce zagayawa da wutar haɗin kai, wato tocilan da ake ɗauka jiha-jiha kafin gasar wasannin ƙasa ta Nijeriya, ɓarnar kuɗi ce. Ni daga Tawa nake a Nijar, na taɓa ƙetarawa ta Ƙonni da Illela zuwa biki a Sakkwato, na yi sa'a ranar wutar ta iso. Ina tsaye bakin titi kusa da wani mai shayi, sai ga wata yarinya da kayan makaranta riƙe da ita hannu biyu, gumi sharkaf, jama'a na binta da tafi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, alhali baƙo ne ni. Abin da labarin bai faɗa ba, an soma gasar a Legas a 1973, shekara 3 bayan yaƙin basasa, don a ɗinke ɓaraka. Wani malam kuma ya rubuta cewa zagayawa da wutar al'adar Turawa ce, to namu fa? A nan Tawa aka fara kokowar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa da ake ba zakara takobi, a 1975. Me zai hana a zagaya da takobin a jihohinmu 8 kafin a shiga fili, yaran ƙauye su ma su gan shi da idonsu?