Daren da McDavid ya ci, kowa ya tono tsohuwar ƙwallonsa

Maƙwabcina a nan Edmonton, ƙasar Kanada, dattijo ne ɗan shekara sittin da 'yan kai. Shekara shida muna katanga ɗaya, amma gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu in mun haɗu da asuba kowa da shebur yana kwashe ƙanƙarar ƙofar gidansa ba. Ran Alhamis 20 ga Fabrairu 2025 sai ga shi yana ƙwanƙwasa mini ƙofa, wai in taho da yarona mu kalli wasa a wurinsa. Wanda ya zauna da mutanen ƙasar nan ya san ba ƙaramin abu ne zai sa a kira ka cikin gida haka kawai ba, ba tare da an yi mako biyu ana sa rana ba.

Wasan hoki ne na kan ƙanƙara, na ƙarshe a gasar ƙasashe huɗu da aka yi tsakanin Kanada da Amurka da Suwidin da Finlan. Ga wanda bai taɓa gani ba: mutum shida-shida ne, kowa da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa da sanda mai lanƙwasa, suna bin wani ɗan faifan roba baƙi wanda bai kai tafin hannu ba. Na yi shekara biyu a ƙasar nan kafin idona ya iya bin faifan a talabijin. Har yau in aka ci, ihun mutane nake fara ji kafin in gane me ya faru.

Gasar ita kanta jaririya ce, ba a taɓa yin ta ba sai a 2025, kuma kwana tara kacal ta ɗauka. Kafin a fara, mutane da yawa sun ɗauke ta wasan nishaɗi ne kawai. Sai siyasa ta shiga. Trump ya yi ta kiran Kanada jiha ta 51 yana barazanar ƙaƙaba mata haraji, mutanen da aka sani da sanyin hali suka harzuƙa. A karawar farko a Montreal 'yan kallo suka yi wa taken Amurka ihu, aka kuma dambace sau uku cikin daƙiƙa tara na farkon wasa. Da gaske nake, daƙiƙa tara. A hoki in biyu suka yar da safar hannu, alƙalai ja da baya suke yi su zuba ido sai ɗaya ya kai ƙasa, sannan a kora kowa waje na minti biyar. Ni ɗan Kaduna da na saba kallon dambe, ban ga abin da ya rage ba sai kiɗa. Amurka ce ta ci wannan, uku da ɗaya.

To, ga shi an sake haɗuwa a Boston, a gidan Amurka. Aka tashi biyu da biyu, aka shiga ƙarin lokaci, wanda a nan duk wanda ya fara ci shi ke nan an gama. Mai tsaron ragar Kanada, Binnington, ya ture waɗansu da ni na riga na sallama. Bayan minti takwas Marner ya miƙo faifan daga kusurwa, Connor McDavid yana tsaye shi kaɗai a gaban raga, ya ɗaga shi sama ya shige. McDavid kuwa kyaftin ɗin ƙungiyar garinmu ne, Edmonton Oilers, don haka ka ƙiyasta yadda unguwar ta koma. Ga sanyin da ke daskarar da gashin hanci, ga mutane a waje ba riga mai kauri, motoci sai hon suke yi.

Dattijon bai yi tsalle ba. Ya zauna ya cire tabarau ya goge ido, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, “Henderson.” Sai ya juya wajen yarona ya fara ba shi labarin 1972. Yana aji shida a lokacin, aka gungaro talabijin cikin ɗakin motsa jiki na makarantarsu, aka zaunar da yara a ƙasa. Wasa takwas aka shirya da Tarayyar Sobiyet, huɗu a Kanada huɗu a Mosko, mutanen Kanada suna ganin cin ruwa ne, sai Rashawa suka lallasa su bakwai da uku a wasan farko a Montreal. Aka yi ta ja har wasa na takwas, ran 28 ga Satumba, saura daƙiƙa 34 a tashi Paul Henderson ya ci ta shida, aka tashi shida da biyar. Ya ce malamarsu da ba ta taɓa yi musu murmushi ba, ran nan ta rungume mai shara.

'Yarsa da ke kicin ta leƙo ta ce ita 1987 ta tuna, lokacin da Gretzky, gwarzon Oilers na wancan zamanin, ya miƙa wa Lemieux ya ci a Hamilton. Jikansa ya ce duk ku bari, ai babu kamar ta Crosby a Vancouver a 2010, ita ma da Amurka, ita ma uku da biyu a ƙarin lokaci. Falo ɗaya, zuriya uku, kowa da tasa ƙwallon. Kofin da aka ci a daren babu wanda ya damu ya ga kamanninsa. Abin da ya ba nasarar nauyi shi ne ta samu layin da za ta shiga, kamar jaririn da aka raɗa wa sunan kakansa.

Ina zaune ina jin su, zuciyata tana Tudun Wada a daren 31 ga Yuli 1996. An ɗauke wuta, mun cika ɗakin wani mai janareta kamar kifin gwangwani, Burazil tana gaban Najeriya uku da ɗaya a ƙwallon ƙafa na Olimfik ɗin Atlanta, manya sun fara sulalewa suna cewa gobe akwai aiki. Ikpeba ya rama ɗaya, Kanu ya farke a minti na casa'in, ya kuma ƙara ta zinare. Kwana uku bayan nan muka ci Ajantina uku da biyu. Mu a Kaduna abin ya fi na kowa zaƙi, domin Amokachi da Babayaro da Tijjani Babangida da Garba Lawal duk 'yan gari ne. Yayana da ya girme ni sosai shi kuma 1980 yake riƙe da ita, ranar da Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, aka doke Aljeriya a Legas. Ƙannena nasu Sunday Mba ne da 2013. Ashe mu ma zuriya uku ne, kowa da tasa.

Har gardamar iri ɗaya ce. Dattijon ya ce yaran yanzu sun ji daɗi, a zamaninsu ana wasa kai ba hula, haƙora a zube, Gretzky ya ci 92 a kaka ɗaya, wa zai sake? Jikan ya ce ai masu tsaron ragar wancan lokacin tsayawa kawai suke yi kamar turke, McDavid zai ci ɗari a kansu. In ka cire sunayen ka sa Okocha da Lookman, teburin mai shayi ne sak.

Inda muka rabu da su shi ne wurin ajiya, kuma nan ne abin yake ci mini rai.

Shiga filin Oilers ka ɗaga kai. Tutoci biyar na kofin Stanley, babban kofin ƙungiyoyin hoki na Kanada da Amurka, suna rataye, 1984, 1985, 1987, 1988, 1990, kusa da su lambobin 'yan wasan da aka jingine, ba wanda zai sake sa su. Lamba 99 ta Gretzky ma duk ƙungiyoyin gasar aka hana. A ƙofar filin ga mutum-mutuminsa ɗauke da kofi, a gari ga titi da sunansa, ga wani da sunan Messier. Kofin Stanley ɗin nan tun 1893 ake ba da shi, kuma guda ɗaya ne yake zagayawa, ana sassaƙa sunayen waɗanda suka ci a jikinsa. In zobe ya cika sai a cire mafi tsufa a kai gidan tarihin hoki a Toronto. Kowane ɗan wasa ana ba shi kwana ɗaya da kofin ya kai shi garinsu, ko ƙauye ne. Yaron da aka haifa a 2015 ba sai ya yarda da bakin kakansa ba, a kai shi ya karanta da idonsa.

Har asirinsu sun adana. A gasar Olimfik ta 2002 a Salt Lake, wani mai gyaran ƙanƙara ɗan Edmonton ya binne kwabon dala ɗaya a tsakiyar fili, Kanada ta ci zinare maza da mata duka, mazan karo na farko cikin shekara hamsin. Da a gida ne da an ce an binne laya, a tashi wasa da jifa. Su sun tono kwabon sun sa a gilashi ana biyan kuɗi a gani.

Mu fa? Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978. A shekarar ne Pele da kansa ya sa rigar Fluminense ya buga da su a Kaduna. Ina rigar da suka sa? Ina kofin? Wane yaro ne a Fagge zai lissafa maka mutum uku daga cikinsu? Mighty Jets ta Jos ce ta fara cin gasar a 1972, shekarar Henderson ke nan. Ranchers Bees da ta rene Amokachi, yanzu sai dai ka ji sunanta a bakin masu furfura. Kano Pillars ta ci gasa sau huɗu, uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009, amma ɗan sakandaren da zai karanto maka 'yan wasan Arsenal na 2004 ba tuntuɓe, tambaye shi wa ya ci a Alƙahira ka ga ido. Rashidi Yekini, wanda ya riƙe raga yana kuka a 1994 duniya tana kallo, mai ƙwallo 37 wa ƙasa, ya rasu a 2012 a kaɗaice. Gidajen da aka yi wa 'yan 1994 alkawari sai 2021 aka amince a ba da, shekara 27, bayan Yekini da Keshi da wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Kada a ce na zo Turai na raina gida. Abin da muke da shi su ba su da shi, na sani. Labari a bakin ɗan Kano mai goyon bayan Masu Gida ya fi duk wani allo na gidan tarihi rai, da kirari da zuƙi da rantsuwa. Amma baki mutuwa yake yi da mai shi. Kuma ba na yarda da masu cewa talauci ne. Nawa ne kuɗin ɗinka tuta huɗu a rataya a filin Ƙofar Mata? Nawa ne a ware ɗaki ɗaya a sa hotuna da riguna, a kira tsofaffin 'yan wasa su fito tsakiyar fili ranar buɗe kaka a tafa musu? Bai kai kuɗin man motocin rakiyar babban baƙo ba. Mun ɗauki ƙungiya kamar ma'aikatar gwamnati, kowane shugaba ya zo sai ya fara daga ranar da aka naɗa shi.

Su ma ba waliyyai ba ne wajen tuna baya. Da na tambayi dattijon zancen Bobby Clarke, wanda ya sa sanda ya karya idon sawun Kharlamov, gwanin Rashawa, a wasa na shida na 1972, sai ya yi tari ya ce zamanin ne haka. Kuma a daren nan na ga yadda gwarzo yake zubewa. Gretzky ne aka sa ya fito a matsayin kyaftin na girmamawa, ya fito da kwat ba rigar Kanada ba, ga shi an san shi da kusanci da Trump har ya je bikin rantsar da shi. Aka nuno shi, falon ya yi tsit. Mutumin da garin nan ya yi kuka ranar da aka sayar da shi ga Los Angeles a Agustan 1988, a 2025 har aka fara tara sa hannu a cire sunansa daga titi. Dattijon cewa ya yi, “Wancan na 1984 nawa ne. Wannan ban san shi ba.”

Akwai kuma ciwon da murnar ta lulluɓe. A lokacin, rabon wata ƙungiyar Kanada da kofin Stanley tun Montreal a 1993. A 2024 Oilers ta je wasan ƙarshe, Florida ta ci uku a jere, suka farke uku, suka faɗi a na bakwai biyu da ɗaya. Florida, inda ƙanƙara sai a firji. An ba McDavid kyautar gwarzon gasa duk da an ci su, bai ma fito ya karɓa ba. Shi ya sa mutanen garin nan suke yawan komawa shekarun tamanin, kamar yadda muke komawa Atlanta duk ranar da Super Eagles ta ba mu kunya.

Da muka dawo gida yarona, ɗan shekara tara, yana ta maimaita “saura daƙiƙa 34” kamar karatun allo. Na tambaye shi ko ya san Yekini. Ya ce wane ne, a wace ƙungiya yake? Laifina ne, ba na kowa ba. Na nemo masa hoton ragar nan a waya, ya kalla ya ce me ya sa yake kuka bayan shi ya ci.

Washegari na kira Yaya a Kaduna na ce ya ba ni labarin zuwan Pele, tunda ya sha faɗa mana yana filin. Ya yi dariya ya ce, “Kai, ƙane, sai yau ka tuna? Ai ta katanga muka shiga.” Ya lissafo 'yan Raccah biyar ya tsaya, ya ce sauran sai ya tambayi wani abokinsa a Unguwar Sanusi. Sai ya yi shiru, ya ce a'a, shi ma ya rasu bara. Na ce ya dakata in ɗauko biro, ya sake faɗo biyar ɗin a hankali.