A bar wa tsofaffin unguwanni sunayensu, ga dubban layuka can ba suna

Maganar sanya wa titi sunan wani daga cikin mazan jiya ta sake tasowa a Kano, kuma kamar kullum an bar jaki ana dukan taiki. Ana ta cacar baki a rediyo da Facebook kan wanda ya fi cancanta: wannan ya ce malami, wancan ya ce basarake, wani ya ce attajirin unguwarsu. Ba mai tambayar ko titin da ake son raɗa wa sunan yana da nasa tun da can. Abin da ake kira karramawa a garin nan, galibi, kankare sunan da jama'a suka sani ne a liƙa wani a kansa.

Ai mun sha gwada wannan, mun kuma ga inda ya kai mu. Kasuwar Sabon Gari, a takarda, sunanta Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Asibitin Nassarawa kuwa sunan Muhammad Abdullahi Wase ke jikinsa. Tare mai adaidaita sahu ka faɗa masa ɗaya daga cikin sunayen nan na takarda, ka ga irin kallon da zai yi maka. Rimi ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne gwamnan farar hula na farko a jihar nan daga 1979, amma ko sunansa bai iya ture wanda bakin mutane ya saba da shi ba. Jami'ar Northwest da aka kafa a 2012 ta koma Jami'ar Yusuf Maitama Sule a 2017 bayan rasuwar Ɗanmasani, sannan a ƙarshen 2024 aka mayar mata da sunanta na farko. Makaranta ɗaya, takardun shaidar ɗalibanta na ɗauke da suna biyu. Wa aka girmama a nan?

Masu cewa da sannu mutane za su saba, suna kafa hujja da titin Murtala Muhammad da na Ibrahim Taiwo, sun manta cewa waɗannan sunaye gajeru ne kuma an bar su sun zauna shekara da shekaru ba wanda ya taɓa su.

Abin ya fi muni idan aka shigo cikin ganuwa, domin a nan sunayen su ne kundin tarihin. Tudun Nufawa yana gaya maka inda Nufawa suka zauna. Ayagi ta Yarabawa ce, Zangon Barebari masaukin fataken Barno, Agadasawa mutanen Agadas. Sharifai tana tuna zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, sarkin da ya kafa Kasuwar Kurmi. Wanda ya zo ya goge sunan wani lungu a irin waɗannan wurare da sunan raya tarihi, tarihin ya kashe. Ya cire shaidar jama'a guda ya sa ta mutum ɗaya, sau da yawa ma wanda 'ya'yansa ke da kusanci da masu mulkin ranar.

Akwai kuma batun hurumi, wanda ba a cika son ji ba. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya raɗa wa hanyoyi da tituna suna, da sa wa gidaje lamba, cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Aikin majalisar kansiloli ne a Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ba kyauta ba ce da za a sanar a wajen zaman makoki ko taron buɗe gada. Ku lura kuma, dokar ta haɗa suna da lambar gida a wuri guda. Rabin farko muke so saboda yana da biki da yanke ƙyalle, rabi na biyu kuwa ba mai waiwayarsa.

Sauya suna ba allo kaɗai ba ne. Mai shago zai sake buga rasit da allon ƙofa. Adireshin da ke kan rajistar kamfaninsa, da na banki, da na takardar mallakar fili, duk sun saɓa da abin da ke rubuce a bakin titi. Idan ba a aika wa hukumar gidan waya da KANGIS mai kula da bayanan filaye da KNUPDA mai kula da tsara birane sabon sunan ba, aka kuma bar taswirar Google da tsohon, to titin ya zama mai suna biyu, kuma ɗan aike mai babur na taswirar zai bi. Sai allon kansa: ana jera Alhaji, Dakta, sarauta da sunan uba da na kaka har kalma shida, a farantin ƙarfe da 'yan jari bola za su ɗauke kafin damina ta fita.

Alhali ga gari can ya bazu ba suna. Je ka Ɗorayi, Sheka, Rijiyar Zaki, Bachirawa ko Mariri ka nemi gidan mutum. Za a ce maka layin taransifoma, bayan gidan mai, ka tambayi mai shayi. Da irin wannan kwatancen ake kiran 'yan kwana-kwana idan gobara ta tashi da tsakar dare. Can ya kamata a kai sunayen, kuma ba za su ƙare ba: Gijimasu da ya fara gina ganuwa, Abdurrahman Zaite jagoran Wangarawa, Madaki Auwa matar Sarki Rumfa, Waziri Ahmadu da ya faɗi a Kwatarkwashi yana yaƙar Turawa a 1903, da marina da maƙera da malaman zaure da kowace unguwa ta san nata.

Kowace ƙaramar hukuma ta buɗe rajista ɗaya don kada suna ya maimaitu, ta ji ta bakin mai unguwa da mazauna layin, ta kuma hana sa sunan mai rai ko wanda bai daɗe da rasuwa ba. Suna kada ya wuce kalma biyu ko uku. A rubuta shi da fenti ko siminti a jikin katangar kwana, da layi ɗaya a ƙasa mai faɗin ko wane ne da zamaninsa. Sannan a bi gida-gida da lamba, 1, 3, 5 a hannun dama, 2, 4, 6 a hagu, kafin a kira maroƙa da 'yan jarida.