Shekarar rasuwar maruwaici ba kayan kamfani ba ce

Jama'a ni dai a rigimar da ake yi tsakanin kamfanoni da laburarori kan ba masu rumbun bayanai kariyar doka ta musamman, ina bayan ma'aikatan laburare ɗari bisa ɗari, duk da na san wasu ƴan uwa ɗalibai a nan Madina za su ce me ya haɗa mu da dokar Turawa mu da muka zo karatun hadisi. Wallahi ta shafe mu fiye da su ma.

Maganar ita ce rumbun bayanai, wato mutum ko kamfani ya tattara bayanai masu yawa ya jera su a kwamfuta, sunaye, lambobi, shekaru, sakamakon bincike, sai ya ce a yi masa doka ta musamman kada kowa ya kwashi kaso mai yawa daga ciki sai da izininsa, ko da kuwa bayanan ba shi ya ƙirƙire su ba, tattarawa kawai ya yi. A Amurka an taɓa zuwa kotun ƙoli a kan haka a 1991, wani ƙaramin kamfanin tarho a jihar Kansas mai suna Rural ya kai ƙarar kamfanin Feist saboda sun kwafi sunaye da lambobi daga littafin lambobin wayarsa, kotu ta ce a'a, lambar wayar mutum da sunansa ba ƙirƙirar kowa ba ne, kuma wahalar tattarawa kaɗai ba ta ba ka haƙƙin mallaka. Turai kuma sai suka bi wata hanya daban, a 1996 Tarayyar Turai ta yi doka ta ba mai rumbu kariya ta shekara 15, kuma inda gizo ke saƙar shi ne duk lokacin da ya zuba jari ya yi wa rumbun gagarumin gyara sai a fara ƙirga wata 15 ɗin. To wane rumbu ne ba a sabunta shi kullum? Kenan babu ranar ƙarewa.

Da kamfanoni suka ga haka sai suka taso majalisar Amurka a gaba su ma a yi musu irin ta. An kawo ƙudiri a 1996, an sake a 1997 da 1999, an kuma dawo da shi a 2003, ko ɗaya bai zama doka ba, kuma cikin waɗanda suka tsaya kai da fata suka ce ba su yarda ba akwai ƙungiyar laburarorin Amurka ALA da ta laburarorin bincike ARL tare da masana kimiyya. A taron WIPO, hukumar kula da haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, na Janiba ma a Disambar 1996 an zo da daftarin yarjejeniyar duniya a kan rumbun bayanai, aka tashi ba a amince da shi ba. Abin da ya fi ba ni dariya, ita kanta hukumar Tarayyar Turai da ta duba dokarta a 2005 ta ce ba a tabbatar dokar ta ƙara yawan rumbunan da ake samarwa ba, alhali da wannan hujjar aka yi ta tun farko.

Yanzu mu dawo gida. Kai da kake rubuta risalar majistir, wato kundin digiri na biyu, a ilimin rijal, wato ilimin sanin maruwaitan hadisi, aikinka duka me ne ne in ba kwasar bayanai ba? Wane ya rasu shekara kaza, ya ji daga wane, wane ya ce siƙa ne wato amintacce, wane ya ce da'ifi ne wato mai rauni. Malaman da suka tara waɗannan abubuwan sun yi tafiya a ƙafa da kan raƙumi daga Bukhara zuwa Basra zuwa Misra, na baya ya ɗauko daga na gaba ya taƙaita ya gyara ya ƙara, haka littattafan rijal suka yi ta haihuwar juna ƙarni bayan ƙarni, babu wanda ya ce a biya shi kafin a ambaci shekarar rasuwar Imam Malik 179 bayan hijira. Yau in wani kamfani ya zauna ya shigar da waɗannan a kwamfuta, madalla ya yi aiki kuma a biya shi kuɗin aikinsa, amma a ce daga yau ɗalibi ba zai iya kwasar maruwaita masu yawa daga ciki ya yi musu sabon jadawali ba sai da lasisi, wannan kam ban gane ba. Dukanmu mun san amfanin da Shamila, laburaren littattafan Musulunci na kwamfuta da ake samu kyauta, ta yi wa ɗalibin da ba shi da riyal ɗin sayen mujalladai, mukafa'a, wato ɗan kuɗin da jami'a ke ba ɗalibi, nawa ce duka duka.

Kar wani ya ce ina halatta satar littafin mutane. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta ce haƙƙin mawallafi haƙƙi ne da shari'a ta kare, kuma ni ina kan haka, wanda ya yi tahƙiƙi ya yi ta'aliƙi, wato ya tantance nassin littafi ya yi masa sharhi, ya ɓata shekaru, sharhinsa nasa ne. Yarjejeniyar TRIPS ma ta haƙƙin mallakar fasaha, wadda ta hau kan Saudiyya tunda ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya WTO a 2005, ta riga ta kare zaɓi da tsarin da mai rumbu ya yi in akwai basira a ciki, amma ta faɗa ƙarara cewa kariyar ba ta kai ga bayanan kansu ba. To me kuma ake nema bayan wannan? Wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya yana iya karɓar kuɗin guga, amma ba zai ce ruwan ƙarƙashin ƙasa duka nasa ba ne.

Kuma masu laburare ba wai son banza suke yi ba, su ne fa manyan masu sayen waɗannan rumbunan, su suka san kuɗin da ake zubawa duk shekara, kuma su suka san cewa da yawan bayanai wuri ɗaya tak ake samun su, in mai wurin ya samu doka a hannunsa sai ya sa farashin da ya ga dama tunda ba wanda zai iya gina makamancinsa. Mu a nan Alhamdulillah muna cikin inuwa, jami'o'i suna cikin laburaren intanet na Saudiyya wato SDL, kana shiga da lambarka ta ɗalibi ka sauke abin da kake so kamar kyauta, har ka manta wani ne ya biya. Ranar da ka kammala ka koma Kano ko Damagaram ko Sakkwato za ka koyar, a nan za ka ji a jikinka, jami'ar da ke fama da kuɗin dizal ita za ta biya dala ta sabunta rajista duk shekara?

Akwai kuma abin da ya fi damu na, rubuce rubucen kakanninmu na ajami da Larabci da ke gidajen malamai. Masu kuɗin ɗaukar hotonsu da yi musu fihirisa, wato jerin sunayensu da bayanansu, galibi daga waje suke zuwa, wasunsu suna sakewa kyauta Allah ya saka musu, amma duk wanda rumbunsa ke ƙarƙashin irin dokar Turai yana da damar rufe jerin in ya so. Shi ya sa nake roƙon malamanmu da ke riƙe da irin waɗannan takardun, duk wanda ya zo da kyamara a rubuta a takardar yarjejeniya cewa kwafin hotunan da na fihirisar zai zauna a laburaren garin, kuma ɗalibi zai iya kwasa ya yi aiki da shi ba sai ya nemi izinin kowa ba.