Ranar da na gano "zo" saniya ce

A gidanmu ni ne mai Turanci. Duk takardar da ta shige wa mutane duhu, ta asibiti ce ko ta banki, ni ake kawo wa, in gyara zaman tabarau in karanta da ƙarfi har da lanƙwasa harshe. To, wannan rawanin ne wata yarinya 'yar shekara 13 ta tuɓe mini a tsakar gida, a gaban uwargida da yara.

'Yar yayata ce, ta zo mana hutu daga makarantar kwana da wani kwali a jakarta. Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Kawu, ka iya Scrabble?" Na ce wasan haɗa kalmomin Turanci ne dai ko? Zauna ki sha karatu. Muka yi sharaɗi, wanda aka cinye shi zai sayi tsiren dare. Na ma ji tausayinta, don na san kuɗin motar komawa kawai gare ta.

Allon gidaje 225 ne, 'ya'yan haruffa 100 a cikin 'yar jaka, kowa ya ɗebi bakwai. Kowane harafi da makinsa: wasula maki ɗaya-ɗaya, K biyar, J da X takwas-takwas, Q da Z goma-goma. Ni kuwa na ƙudurta sai na ajiye doguwar kalma irin wadda ake karantawa a labaran ƙarfe tara, don haka na zauna ina ta juya haruffa kamar mai tsintar shinkafa.

Can sai yarinyar nan ta ɗauki Z guda ɗaya tal, ta ɗora a gidan da ke ninka harafi sau uku. Ya haɗu da O da A da ke kan allon, ta kwance ya ba da ZO, ta tsaye ya ba da ZA. Ta ce, "Sittin da biyu."

Na ce, "Ke, tsaya! Yaushe muka koma Hausa? Zo ina? Za ki ina?"

Ba ta ce uffan ba, ta buɗe ƙamus na Collins a wayar uwargida, wanda ta ce da shi ake gasa a Najeriya, ta miƙo mini. Wallahi ga su nan. ZO wata dabba ce a tsaunukan Tibet, barbarar yanyawa tsakanin saniya da wani sa mai yawan gashi da ake kira yak. ZA kuwa taƙaita sunan fiza ne, burodin nan na mutanen Italiya. Shekara arba'in ina ce wa mutane "zo", ashe saniya nake kiran su.

Ta ƙara mini da cewa Wellington Jighere, ɗan Najeriyan da ya ci kofin duniya na wasan a birnin Perth na Ostareliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi haka, shi da 'yan wasanmu an san su da fifita gajerun kalmomi. Na gyaɗa kai kamar na daɗe da sani. Amma abin da ya zauna mini a ka daban ne: ashe Hausa na shiga!

Sai na zage. Na ajiye KA, ta duba, ta wuce: kurwa ce a wajen Misirawan dā. Na ajiye KO, ta wuce: sandar haƙa ce ta mutanen Maori na ƙasar Niyuzilan. DA, wata adda ce a ƙasar Bama, wato Myanmar. MU, harafin Girkanci. Har JA ta shige. Na fara kaɗa ƙafa, na ce wa uwargida ta shaida, Bature ya daɗe yana satar Hausa bai faɗa ba. Na ma aika a kira maƙwabcina ya zo ya ga ikon Allah.

Shigowarsa ke da wuya na ɗora KU da ƙarfi, har allon ya girgiza. Yarinya ta duba ta ce, "Babu, Kawu. Kwashe, kuma ka rasa zagayenka."

Na ce wane irin zalunci ne wannan, a karɓi "mu" a ƙi "ku"? Zagaye na gaba na sa SU, babu. Na sa NI, babu. An yarda da YA, an yarda da TA, har KI an yarda da ita, amma ni da nake zaune a gidana an ce ba ni. Da na sa CI aka kore ta, maƙwabcina ya yi dariya har hularsa ta faɗi a butar alwala. Zagaye huɗu ban ci ko maki ɗaya ba.

Da aka zo ƙarshe, haruffa biyu suka maƙale mini, Q da V. Ita ta gama nata, aka zabtare mini maki 14 aka ƙara mata. Sai bayan an rufe lissafi ta nuna mini wani gurbi kusa da I, ta ce da na sa QI, wato ƙarfin rai a fahimtar Sinawa, da na rage asara. V kuwa, in ji ta, ba ta da kalma mai harafi biyu ko ɗaya, sai haƙuri. Wai ladabi ne ya hana ta faɗa mini tun da wuri.

Tsire dai na saya, na gida duka, har da maƙwabcin da ban san me ya sa na gayyato shi ba.

Washegari da safe ina neman wanda zai miƙo mini tabarau, na hango ta a bakin kicin na ce, "Ke, zo." Ta waiwayo a natse ta ce, "Kawu, ni ko ta Tibet?"