Ƙumba shaida ce a kan ruwan da muke sha

Duk wanda ya taɓa tsugunawa a bakin kogi ya ga ƙumba a cikin laka, ɓawonta biyu a ɗan buɗe, zai ɗauka ba ta aikin komai. Alhali kuwa yini take tana zuƙar ruwa tana fesarwa, tana tace shi ta gaɓoɓin numfashinta domin ta samu abinci, har babba guda takan tace lita gommai a rana. Ta wannan hanya duk abin da aka zuba a kogin yake shiga jikinta.

Na sha jin ana cewa ƙumba tana tsarkake ruwa, kuma ina ganin maganar tana bukatar gyara. Ƙarafa masu guba irin su dalma da zaiba da kadmiyam ba sa narkewa su ɓace a cikinta. Jikinta yakan ɗaure su da wani furotin, ko ya dunƙule su cikin ƙananan ƙwayoyi masu kama da tsakuwa, ya ajiye a gaɓoɓin numfashi da ƙoda da wurin narka abinci. Magungunan ƙwari masu son maiƙo, irin su DDT, sukan maƙale a kitsenta. Idan aka mayar da ita ruwa mai tsabta, wasu sinadaran sukan fita ta kashi da fitsari cikin kwanaki ko makonni, amma kadmiyam yakan yi watanni bai bar jikinta ba. Ke nan gubar tana nan, wuri kawai ta sauya, kuma duk abin da ya ci ƙumbar ya kwashi rabonsa.

Wannan jinkirin fitarwa shi ne babban amfaninta a wajena. Kwalbar ruwan da aka ɗebo da hantsi domin gwaji labarin wannan hantsin kaɗai take bayarwa, wanda ya saki dagwalonsa da tsakar dare ya tsira. Naman ƙumba kuwa yana riƙe da labarin watanni. Tun 1986 hukumar NOAA ta Amurka, mai kula da teku da yanayi, take auna gurɓatar ruwa ta jikin dangin wannan halitta. A Warso, babban birnin Polan, ana ajiye ƙumba takwas a tashar ruwa ta kogin Bistula, kowace da na'ura a ɓawonta, idan yawancinsu suka rufe baki lokaci guda sai ƙararrawa ta kaɗa, alamar wataƙila ruwan ya gurɓata.

Abin da ke damuna shi ne kogunanmu, musamman Challawa a Kano, wanda ya daɗe yana karɓar ruwan masana'antun jima mai ɗauke da kuromiyam, wani ƙarfe mai guba, ga kuma masu noman rani da masunta a gefensa. Ina roƙon jami'o'inmu da hukumomin ruwa su sa ƙumba a keji, su nutsar da wasu sama da magudanar masana'antu, wasu ƙasa da ita, bayan wata biyu ko uku a ciro a auna, a kuma sanar da mutanen bakin kogin abin da aka gani.